Uku a Kan Tebur

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin
ɗakin ajiyar kayan shaida a Kakuri,
inda warin tsatsa da baƙin mai
ya kori turaren rigata tuntuni.

Ranar Talata, ruwa na dukan kwano,
Kazah, sabon kurtu, ya leƙo da kai:
"Kofur Sallau, cikin ukun nan wacce ta fi?"
Na ce, jawo benci. Kar ka taɓa, ido ya ishe ka.

Ta fari, ga ta nan, baƙa wuluk kamar ta ƙwarai.
An kwaikwayi tambarin Turawa a kuncinta,
sai dai mai bugawar bai yi boko ba,
harafi ɗaya ya juya baya yana kallon gida.
Fentinta na bin tafin hannu kamar lalle.
Barau mai shagon caji ne ya saye ta
don tsoron masu ƙwacen waya.
Janaretansa ya sayar ya biya.
Daren da ya neme ta sai ta yi gum,
kamar wanda mai bin bashi ya yi wa sallama.
Suka kwashe waya talatin, suka bar masa kayarsa.
Da safe muka zo muka ɗauke su, shi da ita.

Ta biyu ta fi nauyi, aikin hannu ce,
maƙerin da ya yi ta ya san wuta.
Dubi mariƙin, icen maɗaci ne, an goge shi sumul,
har da zane irin na ƙotar gado.
Da garma ya zuba wa wannan haƙurin
da na cire hula na gaishe shi.
Amma saiti? Allah ya kiyaye.
Ka nufi gabas, ta je gaida arewa.
An auna ɓarawon akuya a Unguwar Mu'azu,
harsashi ya huda langa-langa
ya iske Asabe tana tankaɗen gari.
Har yau da sanda take zuwa kotu,
ana ɗage zama,
tana biyan kuɗin keke, zuwa da komawa.

Kazah ya nuna ta ukun da haɓa:
"Wannan 'yar ƙaramar ai ba ta da fasali."

Na ce, ita ce mai cika alkawarin cikinsu.
Ba ta cije ba, ba ta kauce ba.
Sau ɗaya aka tambaye ta, ta amsa daidai.
Ga sauƙi kuma, kuɗin buhun masara biyu,
in ji mai ita, yana kuka yana faɗa.
Ɗaga takardar da ke rataye a wuyanta.
Karanta. A'a, da ƙarfi, in ji.

"Tanimu Cindo, shekara ashirin da uku."

Ƙanin mai ita ne, ciki ɗaya.
Gardamar fili ce,
taku huɗu tsakanin katanga da katanga.

To, ɗan kurtu, kai ka fito makaranta kwanan nan,
buga mini lissafin.
Ɗaya ta ci janareta ta ƙi aiki,
ɗaya ta yi aikin da ba a sa ta ba,
ɗaya ta yi wanda aka sa ta.
Mutanen da sun ce araha ba ta ado.
Gaskiya ne, ban taɓa ganin ta yi ado ba,
amma na ga ta yanko farin yadi.

Bai ce komai ba.
Hannunsa ya kai ƙugu, inda tasa take,
ta gwamnati, mai lamba, mai takarda,
ya janye kamar ya taɓa murfin tukunya.

Na mayar da su leda, ɗaya bayan ɗaya.
In dole sai na zaɓa, na ce,
a ba ni ta Barau, makaryaciyar.
Duk wanda ta shiga harkarsa yana nan da rai.

Ruwa ya tsagaita. Na murɗa makulli sau biyu.
Muka tsallaka kwata zuwa wurin mai shayi,
shi ya biya.